Ku Tambaya Mu Amsa: Wasiƙun Masu Sauraron Jaz

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan watan kusan duk akan jaz suke, wato kiɗan nan da ya samo asali wajen baƙaƙen Amurka, kuma na ji daɗin hakan sosai dan kiɗa ne da na daɗe ina so ina kuma jin takaicin yadda mutane ke wuce shi ba tare da sun ba shi kunne ba. Na taƙaita wasu tambayoyin saboda fili. Shekaru da sunaye da zan kawo tarihi ne, amma inda nace wane ya fi wane to wannan ra'ayina ne, wanda ya ga akasin haka ƙofa a buɗe take.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni dai gaskiya na gwada jin jaz ɗin nan da kake ta yabo, wani abokina ya turo min kiɗan Charlie Parker amma ko minti biyar ban iya yi ba, ji nayi kowa na busa abinda ya ga dama ba kai ba gindi. Dan Allah ta ina mutum zai fara? (Wani ɗalibi)

AMSA: Ƙanena abokin naka da alheri ya nufe ka amma ba da Parker ake fara wa mutum ba, shi gudu yake kamar ana binsa, kunnen da bai saba ba dole ya gaji. Abinda ba a gaya maka ba shine akwai tsari a ƙarƙashin abinda ka ji kamar hayaniya. Yawancin jaz haka yake tafiya, za a fara da ainihin karin waƙar kowa ya ji shi, sannan mai piyano da mai bes (wani ƙaton goge mai kaurin sauti) da mai ganga su ci gaba da zagaya wannan shimfiɗar, yawanci gaɓa 12 ko 32 ce tana maimaituwa, su kuma mabusa su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya kowa yana ƙirƙirar nasa karin nan take akan shimfiɗar, in an gama a dawo wa karin farko a rufe. Kamar hira ce a majalisa, an ɗauko zance ɗaya kowa na tofa albarkacin bakinsa, kuma daɗin yana wajen yadda suke sauraron juna suna amsa wa juna.

Toh kowa ka tambaya zai ce ka fara da faifan Kind of Blue na mai ƙaho Miles Davis, ni kuma nace ka fara da Moanin' na mai ganga Art Blakey da ƙungiyarsa Jazz Messengers, wanda kamfanin Blue Note ya ɗauka a watan Oktoba na 1958. Dalilina kuwa, waƙar farko a ciki ba ta ɓoye komai ba. Bobby Timmons wanda shi ya tsara ta zai buga jimla ɗaya a piyano, mabusa su amsa masa da sauti biyu kacal, ya sake su sake, irin kira da amshin cocin baƙaƙen Amurka inda kiɗan ya samo jijiyarsa. Daga nan Lee Morgan ya shigo da ƙaho, yaro ne fa lokacin shekararsa 20, amma ka ji yadda yake matse sauti yana sakinsa ka ce wani dattijo ne. Wajen da nake so ka kasa kunne sosai shine ƙarshen busarsa, jimlar da ya rufe da ita ita ce Benny Golson ya cafe da saksofon ya buɗe tasa busar da ita. Wannan cafewar ita ce jaz, in ka ji ta sau ɗaya kunnenka zai fara nemanta a ko'ina.

Bayan nan sai ka je Kind of Blue ɗin. An ɗauke shi a zama biyu, Maris da Afrilu na 1959 a New York, waƙa biyar ne a ciki, kuma Miles bai ba mutanensa dogon rubutu ba, ɗan zane kawai ya kawo musu na sautukan da za su yi yawo a ciki. A waƙar farko So What mai bes Paul Chambers ne ke yin kira sauran na amsawa, sai Jimmy Cobb ya daki farantin ƙarfensa sau ɗaya daidai lokacin da Miles zai shigo, ka saurari wajen nan da iyafis. Sannan ka lura da yadda Miles ke busa kaɗan ya yi shiru, John Coltrane ya zo ya cika ko'ina, Cannonball Adderley ya zo da fara'a, mutum uku shimfiɗa ɗaya hali uku. Parker kuma ka ajiye shi sai bayan 'yan watanni zaka dawo masa da kanka.

TAMBAYA: Malam ni abinda na sani game da Louis Armstrong shine What a Wonderful World, tana da daɗi amma ban ga abinda yasa ake kiransa uban jaz ba. Na nemi tsoffin faya-fayansa kuma sai ƙara da shuuu kawai nake ji. (Wata mai karatu)

AMSA: 'Yar'uwa waccan waƙar ta 1967 ce, lokacin ya kai shekara 66 leɓensa ya sha wahalar ƙaho shekara da shekaru, dan haka kin haɗu da shi ne da yamma. Armstrong ɗin da ya canza kiɗa yana cikin faya-fayan da yayi a Chicago tsakanin 1925 da 1928 da ƙungiyoyin da ake kira Hot Five da Hot Seven. Kafin shi a New Orleans inda aka haife shi a 1901, mabusa tare suke busa suna saƙa sauti cikin na juna, shi ne ya nuna cewa mutum ɗaya zai iya fitowa gaba ya gina labari cikakke da ƙahonsa, kuma duk wanda ya zo bayansa akan wannan turbar ya hau.

Ki nemi West End Blues na 1928. Farkonsa shi kaɗai ne ba ganga ba piyano, daƙiƙa goma sha wani abu yana gangarowa yana hawa, har yau masu koyon ƙaho na fama da wannan ɗan wajen. A tsakiya ya ajiye ƙaho ya riƙa amsa wa mai kilarinet da murya ba kalma ko ɗaya, a hankali kamar mai rarrashi, Earl Hines ya yi nasa a piyano, sannan a ƙarshe Armstrong ya kama sauti ɗaya ya riƙe shi tsawon gaɓa huɗu kafin ya sake shi ya zubo. Duka duka minti uku da 'yan daƙiƙu, dan faifan wancan zamanin mai juyi 78 a minti abinda fuska ɗaya ke iya ɗauka kenan, sai a 1948 kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai. Wannan matsin ya koya musu kada a ɓata ko daƙiƙa.

Maganar ƙara kuma gaskiyarki ne akwai ta, amma ki daure ki saurara sau uku a jere, kunne da kansa yake ture ta gefe. Kuma kar ki ji ta a sifikar waya, ita ce ke kashe ƙasan sautin ta bar miki shuuu ɗin. Wani abu da nake so a riƙa tunawa game da mutumin nan, masu ganin murmushinsa suna ɗauka ba ruwansa da halin da baƙaƙe ke ciki, alhali a 1957 da gwamnan Arkansas ya hana yara baƙaƙe tara shiga makaranta a Little Rock, Armstrong ya fito fili ya caccaki shugaba Eisenhower a lokacin da hakan zai iya cinye masa sana'a.

TAMBAYA: Yaya ina yini. Muna musu da abokaina, wai sai da ƙwaya manyan jaz ke iya busa irin wannan, tunda kusan dukkansu 'yan shaye-shaye ne. Gaskiya ne? (Wani matashi)

AMSA: Ƙarya ce ƙanena, kuma ƙarya ce da ta kashe mutane. Eh hodar heroin ta yi ɓarna sosai a cikinsu a shekarun 1940 da 1950, kuma yara da yawa sun faɗa ne dan sun ga Charlie Parker na sha suna zaton a nan sirrin yake. Sirrin Parker atisaye ne, shi da bakinsa ya faɗa cewa yana yaro yakan yi awa 11 zuwa 15 a rana yana busa. Abinda ƙwaya ta yi masa kuma yana nan a faifai, ka nemi Lover Man da aka ɗauka a Los Angeles a 1946, ya makara wajen shigowa, numfashinsa na yankewa, daren ranar aka kama shi daga baya aka kai shi asibitin Camarillo ya yi wata shida. Ya rasu a 1955 yana da shekara 34, likitan da ya duba gawar ya zaci mutum ne mai shekara 50 zuwa 60.

Ka gaya wa abokanka su saurari Clifford Brown, wanda bai taɓa wannan harkar ba kuma a ganina babu mai ƙahon da ya kai shi tsaftar sauti da ɗumi a zamaninsa, Joy Spring da yayi da mai ganga Max Roach a 1954 ta isa shaida. Hatsarin mota ne ya ɗauke shi a 1956 yana da shekara 25. Sannan Coltrane, Miles ya kore shi daga ƙungiya a 1957 saboda shaye-shaye, a shekarar ya daina, kuma duk manyan ayyukan da duniya ta san shi da su bayan ya daina ne yayi su.

TAMBAYA: Malam na ga sunaye irin su Ahmad Jamal da Yusef Lateef a cikin makaɗan jaz, Musulmi ne? Kuma an ce min A Love Supreme na Coltrane kiɗan addini ne, shi ma Musulmi ne? (Wani magidanci)

AMSA: Alhaji su biyun da ka ambata Musulmi ne, kuma ba su kaɗai ba, baƙaƙen makaɗa da dama a Amurka sun musulunta a shekarun 1940 da 1950, shi kansa Art Blakey ya ɗauki suna Abdullah Ibn Buhaina. Yusef Lateef ya shigo da sarewa da kayan busa na gabas cikin jaz tun kafin abin ya zama yayi, faifansa Eastern Sounds na 1961 ne wajen farawa, kuma ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yana bincike daga 1981 zuwa 1985, ya rasu a 2013.

Ahmad Jamal kuwa bari in ɗan tsaya a kansa dan ina ganin an tauye masa haƙƙi. Faifansa At the Pershing da aka ɗauka a wani otal a Chicago a Janairun 1958 yayi kasuwa sosai, sai wasu masu sharhi na lokacin suka raina shi wai kiɗan wajen cin abinci ne, kawai dan jama'a sun so shi. Amma Miles Davis wanda ba ya yabon mutum da sauƙi ya sha faɗin irin tasirin da Jamal yayi masa. Ka saurari Poinciana, minti takwas ne, mai ganga Vernel Fournier ya kafa wani taku da ba ya canzawa, Israel Crosby na riƙe da bes, shi kuma Jamal sai ya taɓa piyano kaɗan ya ɗauke hannu ya bar su su biyu suna tafiya, ka yi ta jiran ya dawo, in ya dawo kuma da abu ƙanƙani zai dawo amma daidai inda ake buƙata. Ba kowane gwani ke da zuciyar yin shiru haka ba. Ya rasu a 2023 yana da shekara 92.

Coltrane kuma bai musulunta ba, gidan Kirista ya taso kakanninsa biyu duk fastoci ne, matarsa ta farko Naima ce Musulma kuma sunanta ya sa wa waƙar nan mai sanyi da ke cikin faifansa Giant Steps. Ya karanci addinai da yawa. A Love Supreme dai godiya ce ga Allah, shi ya rubuta haka a jikin faifan, ya ce a 1957 ya samu farkawa da ikon Ubangiji. An ɗauke shi a zama ɗaya ranar 9 ga Disamba 1964 a sitidiyon Rudy Van Gelder da ke New Jersey, shi da McCoy Tyner a piyano da Jimmy Garrison a bes da Elvin Jones a ganga, kashi huɗu ne wajen minti 33. A kashi na farko bes na maimaita sauti huɗu, Coltrane ya ɗauki sautukan nan huɗu ya yi ta zagaya su daga wannan mataki zuwa wancan har ya ajiye saksofon ya furta su da baki. A kashi na ƙarshe kuma addu'ar da ya rubuta a jikin faifan ce yake bi layi layi da busa, in ka riƙe rubutun kana bi zaka ji kowace gaɓa ta faɗa a wajenta. Ni a wajena ba faifan da ya kai shi a duk jaz, kuma ba na sa shi ina wani aiki, zama nake yi. Ya rasu a 1967 da ciwon dajin hanta yana da shekara 40.

TAMBAYA: Ella Fitzgerald ko Billie Holiday? Kar ka ce min duka biyun Malam, ɗaya nake so. (Wata malamar makaranta)

AMSA: Malama tunda kin ɗaure ni, Billie. Amma ki bari in faɗi haƙƙin Ella tukuna, dan in maganar murya ce da iya sarrafa ta babu haɗi, Ella ba ta kuskuren sauti, kalmominta tas, kuma a Berlin a 1960 ta manta baitin Mack the Knife a gaban jama'a ta ƙirƙiri nata nan take ba tare da ta rasa taku ba, wannan ɗaukar har Grammy ta ci. Faifan da tayi da Armstrong a 1956 kuma in rai ya ɓaci magani ne.

Billie muryarta ƙarama ce ba ta da faɗi, amma tana jan kalma ta makara da ita bayan kiɗa da gangan har sai kin ji nauyin abinda ake faɗa. Strange Fruit da ta ɗauka a 1939 akan yadda ake rataye baƙaƙe a bishiya a kudancin Amurka take, Columbia da take wa aiki sun ƙi ɗauka sai ƙaramin kamfanin Commodore ne ya ɗauka. In kina son ki gane dalilina da ido, akwai bidiyon shirin talabijin na CBS na Disamba 1957 inda ta rera Fine and Mellow. Mai saksofon Lester Young tsohon amininta da suka daɗe ba sa shiri yana wajen, ba shi da lafiya, ya miƙe ya busa zagaye ɗaya tak a hankali, kamara na kan fuskarta tana gyaɗa kai tana ɗan murmushi idonta na kansa. Cikin shekara biyu duk sun rasu, shi a Maris ita a Yulin 1959, tana da shekara 44 kuma 'yan sanda sun yi ta gadin ɗakin asibitin da take kwance.

TAMBAYA: Malam Kenny G fa? Shi na fi ji ana sawa kuma ni yana min daɗi. (Wani direba)

AMSA: Ɗan'uwa in yana maka daɗi ka ci gaba da ji, ba laifi bane, kuma mutumin ya iya riƙe saksofon. Amma ni ba na sa shi a wannan layin, dan abinda nake nema a jaz babu shi a ciki, makaɗan bayansa shimfiɗa ce kawai ba mai amsa masa ba mai ture shi, yadda aka fara haka za a gama. Tunda kunnenka na son siririn saksofon ɗin nan, gwada My Favorite Things na Coltrane na 1961, irin kayan busar ne ɗaya, ka ji abinda Elvin Jones ke yi masa a baya. In kuma sanyi kake so bayan gajiyar hanya, faifan Coltrane da mawaƙi Johnny Hartman na 1963.

TAMBAYA: Ina jin ana cewa Thelonious Monk gwani ne, amma ni in na saurare shi sai in ji kamar yana kuskuren maɓalli. Kuma me yasa a wasu faya-fayan ake jin hirar mutane da ƙarar kofuna, ba a iya gogewa ne? (Wani mai koyon piyano)

AMSA: Ƙanena ba kuskure bane, ka saurari waƙa ɗaya tasa a ɗauka biyu daban zaka ji ya sake faɗawa kan wannan sautin da ka zata kuskure, a daidai wajen. Yana buga maɓallai biyu maƙwabta tare dan su yi karo, yatsunsa a miƙe ba a lanƙwashe yadda malaminka ke koya maka ba, kuma yana barin rami inda kake jiran sauti. Waƙoƙinsa wuya gare su ko ga manya, waƙar Brilliant Corners da aka ɗauka a 1956 da Sonny Rollins da Max Roach sai da aka yi ta maimaitawa wajen sau 25 ba a samu ɗaya cikakkiya ba, furodusa Orrin Keepnews ya yanka tef ya haɗa. An ƙwace wa Monk katin izinin kiɗa a kulob ɗin New York a 1951 bai samu ba sai 1957, shekarun da ya kamata a ce duniya na jinsa. Tunda piyano kake koya ka fara da faifan da yake shi kaɗai, Thelonious Alone in San Francisco na 1959, a nan zaka ji hannun hagunsa sarai, sannan ka nemi wasan da yayi da Coltrane a Carnegie Hall a 1957, wanda tef ɗinsa ya kwanta a ɗakin karatu na majalisar Amurka ba wanda ya sani sai a 2005 aka gano shi.

Ƙarar kofuna kuma a kulob aka ɗauka, mutane na cin abinci suna hira, makirufo ɗin da ya ɗauki piyano shi ya ɗauke su, ba yadda za a cire ɗaya a bar ɗaya ba tare da an lalata sautin ba. Ina jin mai piyano Bill Evans ka saurara a kulob ɗin Village Vanguard na New York, dan a nan abin ya fi fitowa. Ranar Lahadi ce 25 ga Yuni 1961, shi da Scott LaFaro a bes da Paul Motian a ganga, daga wannan yinin aka fitar da faifai biyu, Sunday at the Village Vanguard da Waltz for Debby. Ka bar kofunan ka bi bes ɗin, LaFaro ba ya tsayawa a baya yana ƙirga taku kamar yadda aka saba, shiga yake cikin maganar Evans yana amsa masa yana ma riga shi wani lokacin, su ukun babu shugaba babu yaro. Kwana 11 bayan nan LaFaro ya rasu a hatsarin mota yana da shekara 25, Evans ya yi watanni bai fito wasa ba. In zaka saurara ka fara da My Foolish Heart, ka sa iyafis, zagaye na farko ka bi piyano, ka mayar ka bi bes kaɗai, na uku ka bi burushin Motian akan ganga.